Tabar Kawu Kafinta

Zuwa ga Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan sai godiya. Ƙafar Innarki ta yi sauƙi, har ta koma kan kekenta na ɗinki. Ni ma kalau nake in ban da tari, shi kuwa tari kin san ɗan gida ne.

Kada ki ce me ya hana ni kiran waya. Kunnen nan da injin yanka katako ya cinye ya ƙara lalacewa. Ran nan da kika kira, muryarki nake ji kamar ana magana daga cikin tanki, sai "to, to" na riƙa cewa. Ban san me na amsa ba. In wani alkawari na ɗauka, a sake zama. Takarda ta fi mini sauƙi, ko banza ina iya maimaita karatu.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kwanakin baya na ɗauki ƙyauren ƙofa zan hau bene a gidan wani mai aiki, ban kai rabi ba numfashi ya ƙi. Na jingine ƙyauren na zauna a matakala ina haki, matar gidan ta kawo mini ruwa. Kafin in iso gida labari ya riga ni. Washegari Innarki ta tasa ni gaba sai asibitin unguwa. Suka tura ni aka yi mini hoton ƙirji, suka ba ni wani bututu na yi ta hurawa har idona ya yi ja. Likitan ya yi bayani mai tsawo, amma bakinsa a rufe da takunkumi, fuskarsa kuma na kan kwamfuta, Innarki kuwa a waje aka bar ta. Ni da bakin mutum nake kallo in gane magana, sai gyaɗa kai na yi ta yi. An ce in kunne ya ji jiki ya tsira, to ni kunnen ne babu. Ya ba ni wani abin shaƙa da takardar nan da na sa miki a ciki. Ke kika san yarensu, ki duba mini.

Na san abin da zai biyo baya. Tun kina makarantar koyon jinya kike kawo mini hotunan huhu baƙi ƙirin kina mannawa a bangon shago. Ɗaya na nan har yau. Dogo mai faci, maƙwabcina, ya ce da ya ɗauka taswirar wata ƙasa ce. Ni dai a ganina garin katako ne ke sa ni tari, ba sigari ba, kuma busasshen ice ba ya tanƙwaruwa. Amma ki yi wa'azinki. Sunan mahaifiyata kika ci, uwa kuwa ko ba a bi maganarta ba a saurare ta.

Innarki na gaishe ki. Ki shafa mini kan yara.

Kawunki.

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Na samu wasiƙarka, na ji daɗin jin ƙafar Inna ta yi sauƙi. Mu ma lafiya lau. Ƙaramin ya yi zazzaɓi amma ya warware, babansu kuma yana gaishe ka.

An canja mini wurin aiki a cikin asibitin namu. Na bar ɗakin allura, yanzu ni ke kula da ɗakin ba da shawara ga masu shan taba. Sito ne a da, har yanzu warin kwali bai bar shi ba. Kujera biyu ce a ciki da ƙaramin tebur, shi ma na ture shi jikin bango don kada ya shiga tsakanina da mai zama.

Kafin mu fara sai da aka kai mu horo. Abin da malamar ta fara yi shi ne ta ce mu ajiye hotunanmu. Ta ce mutumin da ya shekara talatin yana zuƙa ya fi ku sanin illarta, shi ke tarin, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Aikinmu shi ne duk wanda ya shigo asibiti, ko yatsa ya yanke, a tambaye shi ko yana sha. In ya ce eh, a faɗa masa sau ɗaya, ba zagi ba tsoratarwa, cewa bari ya fi masa. Daga nan sai tambaya da saurare. Sauraren ne ya fi ba ni wahala, ka san bakina.

Akwai wani direban motar haya da ya zo awon jini. Na ce masa, in goma ita ce cikakken shirin bari, shi yana kan nawa? Ya ce uku. Da a da ne cewa zan yi me ya hana goma. Sai na ce, "Me ya sa uku, ba sifili ba?" Sai ga shi da bakinsa yana jero mini dalilai: 'yarsa ba ta yarda ya ɗauke ta saboda wari, fasinjoji mata na sauka daga motarsa. Duk abin da zan faɗa masa shi ya faɗa mini, kuma nasa ya fi nawa shiga.

Takardarka na gani, na karanta ta da kyau. Abin da ke cikinta ba a wasiƙa ya kamata a yi bayaninsa ba. Ka koma wurin likitan, ka tafi da Inna ta zame maka kunne.

Wa'azin da kake jira kuwa babu shi. Daga yau ba zan ƙara ce maka ka daina ba. Hoton nan na bango ma ka cire shi, ba shi da sauran amfani. Abin da ya rage naka ne, ka yi yadda ranka ya so da shi.

Tambaya ɗaya dai nake da ita, in ka ga dama ka amsa: me taba take yi maka da kake jin daɗinsa?

A gaida Inna da Dogo mai taswira.

'Yarka.

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya kai da Inna. Mu lafiya, ruwa ne dai ake ta yi, rufin ɗakin aikina har ya fara ɗiga.

An daɗe ban ga amsarka ba. Na kira Inna ta ce kana shago, ba ta ƙara komai ba. In tambayata ce ta yi maka nauyi ka bar ta, ba dole. Ba na son in matsa maka. Duk ranar da ka so magana ina nan.

'Yarka.

*

Zuwa ga Mai Babban Suna,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida maigidanki da jikokina. Ni ce Innarki. Ƙafa da sauƙi. Ki yi haƙuri da rubutuna, hannun ya fi sabawa da almakashi. Na so in faɗa miki a waya ranar da kika kira, amma na san in na buɗe baki kuka zai riga magana.

Kawunki ba lafiya ba, kuma ba tarin nake nufi ba. Tun ranar da wasiƙarki ta farko ta zo ya dawo gida da rana tsaka, abin da bai saba ba. Ya gama kujerun makarantar da ke hannunsa, daga nan duk wanda ya kawo sabon aiki sai ya tura shi wurin kafintan bakin titi. Zartonsa mai jan mariƙi, wanda ko ni ba na taɓawa, ya ɗauka ya kai wa mutumin nan kyauta.

Sai ya juyo kan gida. Ƙofar kicin da na yi shekaru ina roƙon a gyara, ya gyara ta. Ya sake wa gado ƙafa. Ya kafa mini kanta a inda hannuna zai kai ba sai na taka kujera ba. Ni matar kafinta ce, tun da aka kawo ni ban taɓa ganin gidan nan babu abin da ke girgiɗi ba sai yanzu, kuma abin da ya tsorata ni ke nan.

Sigari kuwa ya ninka. Da can a shago kawai yake sha, yanzu har cikin ɗaki, kara na bin kara. Abin shaƙar da aka ba shi yana cikin aljihun tebur ko buɗe shi bai yi ba. Na ce mu koma wurin likita kamar yadda aka ce, ya ce a'a. Na matsa, sai ya ɗauko wasiƙarki daga aljihu, duk ta yi laushi don ninkewa, ya sa yatsa a ƙasa ya ce in karanta. Na karanta inda kika ce ba a wasiƙa ake faɗa ba, da inda kika ce ba za ki ƙara cewa ya daina ba, da inda kika ce abin da ya rage nasa ne. Ya ce, "Yarinyar da ta shekara ashirin tana faɗa da ni kan abu, ta ga takarda ɗaya ta ce in yi yadda raina ya so. Me kuma likita zai ƙara? Wanda uwarsa ta sallama ai ya sallamu." Ta biyun da ta zo ya karanta ya ce, "Kin gani, har lallaɓa ni ake yi."

Ya hana ni faɗa miki, wai kada a ɗaga miki hankali kina da yara. Amma abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Ki faɗa mini gaskiya, ni zan iya ɗauka. Me ke cikin takardar, kuma lokaci nawa ya rage masa? Ina son in sani don in san abin da zan daina yi masa faɗa a kai.

Innarki.

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Mu lafiya. Na yi magana da Inna a waya tun ranar da wasiƙarta ta iso, na san ta faɗa maka, ta kuma ce ka ce lallashi ne. Shi ya sa na rubuto da manyan baƙaƙe don ka gani da idonka.

Takardar ba ta ce mutuwa za ka yi ba. Babu ƙari a hoton, babu ciwon daji. Abin da ta ce shi ne hanyoyin iska na huhunka sun ƙuntata, iska na shiga amma fitarta da wuya, shi ya sa bene ya zaunar da kai. Ba zan yi maka ƙarya ba, abin da ya lalace ba zai dawo sabo ba. Amma saurin lalacewar sauran ya danganta da hayaƙin da ke shiga. Masu irin wannan ciwo da suka bar taba suna yin shekaru masu yawa suna aikinsu. Garin katako ma yana da nasa laifin, a nan ka yi gaskiya, sai ka riƙa sa takunkumi in za ka kunna inji. Abin shaƙar kuma ba ado ba ne.

Na ce ka koma wurin likita ne don shi ya duba ka, ni takarda kawai na gani, kuma an hore mu kada mu yi bayanin sakamakon da ba mu muka auna ba. Da na ce abin da ya rage naka ne, shawara nake nufi, ba kwanaki ba. Sai da Inna ta karanto mini layukan a waya da muryarta sannan na ji su yadda ka ji su. A ɗakin aikina ina ganin fuskar mutum, in magana ta faɗa masa ba daidai ba nan take nake gyarawa. Takarda ba ta da fuska. Shirun da na yi kuma koyarwa ce, an ce kada a bi mutum da naci. Ashe ina nan ina yaba wa kaina haƙuri, kai kana can kana rabon kaya.

To ga ta sau ɗaya, a matsayina na malamar asibiti da kuma wadda kake kira uwa: ina son ka bar taba. Babu maganin da zai yi maka abin da barinta zai yi. Ban sallame ka ba, ban kuma gaji ba. Abin da na daina kawai shi ne yi maka ihu, tun da ihun bai taɓa hana ka kunna ko kara ɗaya ba.

Na bincika, asibitin unguwarku ma suna da mai irin aikina, ranar Laraba yake zama. Suna da filasta da ake mannawa a dantse da cingam na musamman, suna rage ƙishin tabar a makonnin farko. Ba sai ka shirya bari za ka je ba, ana zuwa don a yi magana kawai. Da ka shiga ka ce masa ba ka ji sosai, ya fuskance ka, abin da ya yi wuya ya rubuta. Kada ka gyaɗa kai kan abin da ba ka ji ba.

Tambayata ta farko tana nan, har yanzu ba ka amsa ba.

'Yarka.

*

Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Mun samu wasiƙarki, har Dogo daga ƙofar shagonsa zai iya karanta ta. Muna lafiya. Innarki ta ce in yi miki godiya kan ƙofar kicin, ta ce in da hali ki riƙa rubuto irin waccan wasiƙar duk shekara, akwai sauran taga.

Zarto dai ya tafi. Na wuce ta bakin titi na ga mutumin yana yanka katakon fulai da shi kamar mai yankan nama. Kyauta ba a karɓe ta, sai na kau da kai.

Mun koma wurin likita da Innarki, abin da kika faɗa shi ya faɗa. Laraba kuma na je wurin malamin naku. Wani mai jiki ne, furfura ta fara masa, ɗakinsa bai fi naki girma ba in na auna da bayaninki. Ƙafar teburinsa ɗaya gajera ce, an cusa mata kwali. Na faɗa masa maganar kunne, ya jawo kujera ya zauna dab da ni, ya sauke takunkumi. Na zauna ina jiran hoton huhu, bai fito da shi ba.

Ya ce, "Baba, a cikin duk waɗanda kake sha a yini, wanne ne in an ce ka bar shi za ka ce a ɗauki sauran a bar maka shi?"

Ban taɓa tunanin suna da bambanci ba, amma bakina ya riga ni. Na ce na safe.

Ya ce, "A ina kake shan sa?"

Na ce a benci.

Ya ce, "Kai da wa?"

To ga amsar tambayarki, ko da yake shi ya ciro ta. Kullum in na buɗe shago na share, sai in fito da bencin nan da na yi tun kina goye. Dogo ya baro tayoyinsa ya zo ya zauna. Ni ke kawo sigari, shi ke kawo ashana, haka muka saba tun gashinmu na baƙi. Da can hira muke yi. Da kunnena ya tafi, mutane suka rage zama da ni, ban kuma ga laifinsu ba, wa zai yini yana ihu? A taro sai in ga ana dariya in yi tawa a makare. Amma da Dogo ba a bukatar kunne. Ya ƙyasta, ya miƙo mini, mu zauna muna kallon titi har karan ya ƙare, ya dafa gwiwata ya tashi. Shi ke nan hirar, kuma ita ce kaɗai hirar da ba a bar ni a baya ba.

Na faɗa wa malamin haka. Na ɗauka zai ce in rabu da Dogo, na ma shirya amsar da zan ba shi. Sai ya ce, "Ashe abu biyu ne a bencin, akwai taba akwai aboki. Wanne kake tsoron rasawa?" Na ce ai ni na zo ne ka faɗa mini abin yi. Ya ce, "Magani zan iya ba ka. Benci kuwa kai ka ƙera shi, ka fi ni sanin yadda za a yi da shi."

Ya sa na hura wani ɗan akwati mai nuna yawan hayaƙin da ke jikin mutum, fitilarsa ta nuna ja. Ya juyo mini da shi kawai na gani. Ya tambaye ni ko zan so in sa rana. Na ce sai na gama wadurof ɗin da na karɓa, don ba na fara abu biyu lokaci guda. Ya ce to ranar da na kafa masa madubi ita ce ranar, in zo kafin nan in karɓi filasta, in kuma faɗa wa mutanen da nake zama da su.

Na faɗa wa Dogo. Ya dube ni sama da ƙasa, ya matso kunnena ya ce, "Watan jiya mutuwa za ka yi, wannan watan taba za ka bari. Wata mai zuwa sai ka ce aure za ka ƙara." Ya ƙyasta ya miƙo mini.

Wadurof saura ƙofofi. Ban yi alkawari ba, Uwata, gwaji zan yi.

Kawunki.

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, an gyara rufin ɗakina. Na karanta wasiƙarka a wurin aiki tsakanin fitar wani da shigowar wani. Na daɗe ina ganin bencin nan, ban taɓa sanin abin da ake yi a kansa ba sai hayaƙi.

Malaminka ya san aikinsa, ba zan shiga tsakaninku ba. Abu kaɗan zan ƙara. Ƙishin in ya taso kamar zai kashe mutum yake yi, amma ba ya daɗewa, in ka ba shi ɗan lokaci zai sauka ko ka sha ko ba ka sha ba. Ka samar wa hannunka abin riƙewa. Makonnin farko za ka yi faɗa da kowa, na riga na gargaɗi Inna, ta ce ba za ta ga bambanci ba. Dogo kuma kada ka ce masa ya bari, ba huruminka ba ne. In akwai abin da kake so ya yi maka, ka roƙe shi abu ɗaya takamaimai.

In ka zame ka sha, ka koma ranar Laraba ka faɗa. Direban da na ba ka labari ya bari, ya koma, ya ɓace mini, shekaranjiya sai ga shi yana sunkuyar da kai a bakin ƙofa. Yawancin waɗanda suka rabu da ita sai da suka faɗi suka tashi. Wanda ya dawo ba ya ba ni tsoro, wanda kunya ta hana dawowa shi nake ji.

A gaida Inna.

'Yarka.

*

Uwata,

Bayan gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Na san an daɗe. Kada ki ɗauka wani abu ne, wannan karon shirun na aiki ne. Innarki lafiya, ta ce in faɗa miki ta ga bambanci, kuma ba ta yafe miki ba.

Na kafa madubi, na manna filasta. Na roƙi Dogo abu ɗaya kamar yadda kika ce, na ce ko na tambaye shi kada ya ba ni. Ya yi dariya ya ce ashanarsa ma ta huta. Da safe nakan fito da guntun katako da samfefa in riƙa gogawa, shi yana busa tasa a ɗaya ƙarshen bencin, yana kau da kai in zai fesar. Na goge katakai da yawa da ba su da wani amfani.

Mako na biyu wani mai aiki ya dawo mini da tebur wai ba launin da ya ce ba ke nan, ya yi ta magana ban ji rabi ba, mutane suka taru. Da ya tafi na je wurin Dogo na miƙa hannu. Ya ce sun ƙare. Ga kwalin nan ina gani a aljihun rigarsa. Na nuna, ya ce wannan na wani ne. Na faɗa masa maganar da tun da muke ban taɓa faɗa masa ba, ba zan rubuta ta ba. Na tsallaka titi na sayi kara ɗaya, na dawo na tsaya a ƙofar shagonsa na shanye shi yana kallo. Kaina ya juya, na yi tari har na durƙusa. Bai taso ba. Ya ci gaba da duba tayarsa a cikin ruwa.

Laraba na je na faɗa wa malam. Bai ɓata fuska ba. Ya tambaye ni me ya faru kafin karan, me zan yi in mai tebur ya sake zuwa, ya ƙara mini cingam don irin wannan lokaci. Da na ba shi labarin Dogo sai ya ce, "Wannan abin da ka roƙe shi ya yi." Na ce na sani. Na gyara masa ƙafar teburinsa kafin in fito.

Dogo ya daina zuwa benci. Kwana da kwanaki ina fitowa da shi in zauna ni kaɗai, ina ganinsa yana ganina. Na ce a raina to ga abin da na ji tsoro, na rasa tabar na rasa mutumin. Ban sake sha ba, amma ba don ƙarfin hali ba, haushi ne ya riƙe ni. Rannan na ga ƙafar kujerar da yake zama a kai in yana faci ta tsage, da ya tafi cin abinci na ɗauko na ɗaure ta na mayar.

Washegari na gan shi ya zagaya bayan wata babbar mota da aka ajiye, hayaƙi na tashi ta saman ta. Da ya gama ya wanke baki a famfo, ya zo ya zauna a benci hannu wofi. Na miƙa masa katako da samfefa, ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Muka zauna muna kallon titi. Da lokacin tashi ya yi ya dafa gwiwata. Haka muke yi yanzu. Yana makara kaɗan, yana zuwa da wari, ni kuwa hancina ya buɗe ina jin komai, har na gane shekarun nan duk abin da Innarki ke haƙuri da shi.

Akwatin malam ya daina nuna ja. Kakin safe ya ragu. Bene kuwa har yanzu sai na huta a tsakiya, likita ya ce wataƙila haka zai zauna. Na daina ɗaukar ƙyaure ni kaɗai.

Jiya muna zaune Dogo ya yi wani tari mai tsawo, irin wanda na sani. Na ga ya duba abin da ya tofar kafin ya take shi da takalmi. Maganganu suka cika mini baki, duk irin naki na da. Na ci gaba da gugar katakona. Can ya matso kunnena ya ce wai ƙanin matarsa ne ke tambaya, wannan malamin na asibiti wace rana yake zama, kuma shin yana yi wa mutane faɗa?

Na san matar Dogo tun kafin ya aure ta, ita kaɗai iyayenta suka haifa.

Na ce Laraba, kuma ba ya faɗa. Na ce ni ma ina da zuwa wannan Larabar, in ƙanin nata na son rakiya ya same ni a nan bayan na share shago.

Ya ce zai faɗa masa.

Ki gaida maigidanki, ki shafa mini kan yara.

Kawunki.